Birni Na Cin Gona: Makomar Manoman Tsibiri da Jiratawa

Tsakanin Maraɗi da Tsibiri tafiyar kilomita goma ce da ƴan kai, bisa babbar hanyar da ta nufi Gidan Rumji da Ƙonni. Waɗanda suka san hanyar shekaru arba'in baya sun san ta da gonakin hatsi dama da hagu, da gawo jefi-jefi. Yau matafiyi kan bar Maraɗi bai tabbatar ko ya fita gari ba. Nan shingen bulo, can gidan mai, gaba kaɗan fili an kewaye ba kowa ciki, sannan ƴan turakun siminti da masu awon ƙasa suka kafa a tsakiyar gona. Manomi kan ƙara shuka damina ɗaya ko biyu a tsakanin turakun, yana sane da cewa a takarda ƙasar ta riga ta zama ta wani.

Haka abin yake ta kudu, wajen Jiratawa. Dalilin kuwa yana cikin ƙidaya. A 1977 mutanen Maraɗi ba su kai 50,000 ba. A 1988 sun zarce 110,000, a 2001 sun kusa 150,000, ƙidayar 2012 kuma ta same su sama da 267,000. Garin ya ninka fiye da sau biyar cikin shekaru 35, kuma bai tsaya ba. Ta yamma Gulbin Maraɗi ya tare shi, don haka sai ya miƙe bisa tudu, arewa da gabas da kudu. Ƙauyuka irin su Sura Bildi da Mazadu Jika sun zama unguwanni, Zariya da Ali Ɗan Tsoho sun cika sun batse. Ƙasar da ta rage a gaba mafi yawanta ba ta birnin ba ce. Ta ƙaramar hukumar Tsibiri ce, da ke gundumar Gidan Rumji, da ta Jiratawa, da ke gundumar Madarumfa.

Ba mai hana gari girma. Abin da ke gaban mahukunta da sarakuna shi ne yadda za a tsugunar da mai gona ta hanyar da shekara goma bayan an yanka ƙasarsa zai ci gaba da ciyar da gidansa.

Garuruwan da ƙaura ta kafa

Tashi a sake zama ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Maraɗi kanta ta tsaya da ƙafarta ne bayan masu jihadi sun ci Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya mai da ita mazauninsa wajen 1819. Gobirawa kuwa sun rasa Alƙalawa a 1808, suka yi ta yawo, har aka karya su a yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasu. Daga nan sarkinsu Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Abin da ya sa waɗannan garuruwa biyu suka kafu shi ne fadama mai albarka da daji mai faɗi. Duk wanda ya iso yana samun wurin da zai sara.

Sai ambaliyar 1945. Gulbi ya cika ya rushe tsohuwar Maraɗi da ke cikin kwari, Turawan Faransa suka mai da garin bisa tudu, suka zana masa tituna miƙaƙƙu kewaye da fadar sarki. Tashin nan ya yi zafi, amma yana da wani sauƙi da na yau ba shi da shi. Gidaje aka ɗaga, gonaki suna nan inda suke. Mutum ya kwana bisa tudu, da safe ya gangara fadamarsa. Yanzu abin ya juya: gidan manomi yana nan a ƙauyensu, gonar ce ke tafiya, dajin da za a sake sarewa kuma ya ƙare. Jihar Maraɗi tana da mutum fiye da miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, kuma kudancinta na cikin wuraren da suka fi cunkoso a duk Nijar. Hutun gona an daɗe da mantawa da shi.

Yadda gona ke zama fili

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce saye kai tsaye. Tun zamanin gyaɗa, lokacin da cinikinta da fataucin Najeriya suka tayar da alhazan Maraɗi waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, masu kuɗin gari suke sayen gonakin kewaye. Kowace yunwa na ƙara musu ciniki. A ta 1984, wadda ake kira El Buhari, da ƙarancin abincin 2005, gonaki da dama sun shiga jingina, kuma jinginar da aka kasa fansa ƙarshenta sayarwa ce. Mai sayen ba lallai noma ya dame shi ba. Yakan ajiye ƙasar yana jiran gari ya iso.

Ta biyu ita ce yankan filaye. Ma'aikatar magajin gari ko wani kamfani mai izini ya ɗauki gonaki, a auna, a fitar da tituna da wurin makaranta da kasuwa, sauran a yanka. Da can, musamman zamanin mulkin soja na Seyni Kountché, mai gona ba ya samun abin kirki. Daga shekarun 1990 aka koma biyan masu ƙasa da filaye, kuma a Yamai abin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin huɗu. Ga ƙananan hukumomi masu ƙarancin haraji, sayar da fili ya zama babbar hanyar samun kuɗi. Har gwamnatin ƙasa ta taɓa biyan bashin albashin ma'aikata da filaye a Yamai a farkon shekarun 2000. Sakamakon haka shi ne ana yanka ƙasa fiye da yadda ake ginawa, gona ta daina ba da hatsi alhali ba ta zama gida ba.

A ƙaddara mutum yana da hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. Bayan an cire tituna da wuraren jama'a, a ce an samu filaye 15 ko 16 masu mita 400. Idan aka bi lissafin kashi ɗaya cikin huɗu, nasa huɗu ne. Hekta ɗaya ta jigawa da wuya ta ba da hatsin da ya wuce kilo 500 a shekara, don haka kuɗin filaye huɗu na iya zarce amfanin damina masu yawa. A ido, manomi ya ci riba.

To ina ribar ke shiga? Da farko, gonar gado ce, kuma filaye huɗu tsakanin magada takwas dole a sayar a raba kuɗi. Na biyu, lokacin da aka miƙa masa takardun babu ruwa, babu wuta, babu titi a wurin, farashi na ƙasa, dillalai kuma na bakin ƙofa. Wanda ya saya ya jira shekara biyar shi ke kwasar tsadar. Na uku, kuɗin da ya zo a dunƙule yana da masu jiransa: bashi, aure, rufin ɗaki, kujerar Makka, babur ɗin kabu-kabu ga yaro. Babu abin zargi a cikinsu, sai dai ba ɗaya da ke cika rumbu baɗi. Kuma gona ba hatsi kaɗai take bayarwa ba. Akwai wake da yakuwa a tsakanin kunya, harawa da kara na dabbobi, itacen girki, ganyen miya. Duk waɗannan yanzu sai an saya da kuɗi, a gidan da mai shi ya kai shekara hamsin bai san wata sana'a ba sai hauya.

Waɗanda lissafi ke tsallakewa

Ranar rabon filaye, sunan mai gandu kaɗai ke shiga takarda. Amma a kan gona ɗaya mutane da yawa ke ci. Akwai wanda ya karɓe ta aro, da mai haya, da mai jingina, da ɗan ƙwadago, da makiyayin da ke sauka bayan girbi dabbobinsa su ci kara su bar taki.

Sai mata. A ƙasar Maraɗi mace tana da gamana, ɗan yankin da miji ke ba ta ta noma abin kanta. Da ƙasa ta ƙaranta, gamana ce ta fara ɓacewa. Marthe Diarra da Marie Monimart, waɗanda suka yi bincike a kudancin jihar a tsakiyar shekarun 2000, sun tarar a Jiratawa da ƴan mata da suka tashi iyayensu mata ba su da gona, su ma ba su taɓa koyon shuka ba. Idan aka yanka gandun gida, matar da ke noma gefensa ba ta cikin masu karɓar diyya, alhali da wannan gefen take sayen sabulu da maganin yara.

Itatuwa ma suna da nasu lissafi. A nan Maraɗi ne Tony Rinaudo da manoman yankin suka soma sassaben zamani a 1983, wato barin kututture ya sake toho a gyara shi ya zama itace. Dabarar ta bazu har ana ƙiyasta ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawon da manomi ya raina shekara ashirin dukiya ce da ya tara da hannunsa, kuma shi ne farkon abin da ke faɗuwa idan aka zo fitar da titi.

Abin da doka ta tanada

A rubuce, manomin Nijar yana da kariya mai ƙarfi. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce mallakar gargajiya daidai take da mallakar takarda. Ita ce ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo, a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, waɗanda tare da masu gari ke ba da shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina. Dokar karɓar ƙasa don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta a tuntuɓi waɗanda abin ya shafa, a biya su daidai da abin da zai maye gurbin asararsu, kuma a biya kafin a karɓa. Idan aikin zai tayar da jama'a, sai an tsara yadda za a sake tsugunar da su. Wannan ya fi abin da dokar ƙasa ta Najeriya ta 1978 ta bayar, inda ake biyan gini da amfanin gona da aikin da aka zuba, ba ƙasar kanta ba.

Matsalar ita ce waɗannan ƙa'idoji an fi bin su a manyan ayyukan da Bankin Duniya da makamantansa ke sa kuɗi. Yankan filaye kuwa yana tafiya ne kaɗan-kaɗan, hekta ashirin bana, hamsin baɗi, kowanne an kira shi yarjejeniya tsakanin mai gona da hukuma. Ba wanda ke tara jimlar gidajen da suka fita noma, balle ya bi sawunsu.

A mai da su ina?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce a ba su gona a wani wuri. Manoma sun daɗe suna yin haka da kansu: a sayar da hekta ɗaya kusa da gari, a sayi uku ko huɗu a Dakoro ko Mayayi. Sai dai arewa ruwa ya fi ƙaranci, kuma ƙasar ba kango ba ce. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta sake jaddada kare burtali da makiyaya. Mutanen Gidan Rumji ba su manta da Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100 a watan Oktoba na 1991, akasari mata da yara. Tura manomi cikin hurumin makiyayi ɗauke rigima ne daga bakin gari a kai ta daji.

Amsa ta biyu tana Jiratawa. A farkon shekarun 1980, ƙarƙashin aikin raya karkara na Maraɗi da Bankin Duniya ya tallafa, aka gyara kimanin hekta 500 na noman rani a fadamar gulbi. Ana jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da famfunan lantarki, hukumar ONAHA na kula da aikin tare da ƙungiyoyin manoma. Kowane gida ɗan yanki ya samu, bai kai rabin hekta ba. Amma yankin ana noma shi rani da damina, kuma zogalen Jiratawa, da ake yanka sau da yawa a shekara, ya yi suna har Yamai. Ga albasa, tattasai, tumatir da masara. Kasuwar Maraɗi na nan kusa, kuma yawan bakunan da ke cinye gonakin tudu shi ne ke sayen kayan lambu. Ƙaramin wuri mai ruwa kusa da gari na iya riƙe gidan da hekta biyu ta jigawa ke riƙewa da ƙyar.

Shekaru arba'in na Jiratawa sun kuma nuna inda tsarin ke ciwo. Ƙasar da aka gyara ta gwamnati ce, manomi mai amfani ne kawai, kuma wanda ya kasa biyan kuɗin ruwa yana iya rasa yankinsa. Ga mutumin da aka karɓe wa gonar gado, wannan musaya ce ta mallaka da haya. An ci karo da irin wannan tambaya a madatsar Kandaji da ke jihar Tillaberi, inda aka tayar da mutum fiye da 5,000 a zagayen farko aka ba su gonakin ruwa, aka kuma daɗe ana tattauna irin takardar da za ta ba su damar gadar da su ga ƴaƴansu. Sai kuɗin wuta a Jiratawa, wanda ke cin kaso babba na abin da manomi ya samu. Yanke lantarkin da Najeriya ta yi wa Nijar a watan Agustan 2023 ya nuna hatsarin rataya lambu a kan waya ɗaya, shi ya sa famfon hasken rana ke ƙara karɓuwa. Na ƙarshe shi ne ruwan kansa. Tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina wajen ƙarshen shekarun 1980, gulbi ba ya malala kamar da, alhali malalarsa ce ke ciyar da ruwan ƙarƙashin fadama. Yarjejeniyar rabon ruwa da ƙasashen biyu suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 ta shafi kowace rijiya daga Jiratawa har Tsibiri.

Wanda ya riƙe hannun jari

Akwai hanya ta uku: manomi ya zauna inda yake, ya ci moriyar tsadar ƙasarsa. A gefen birnin Pune na Indiya, gidajen manoma kimanin 120 na Magarpatta sun ƙi sayarwa ɗaiɗai a shekarun 1990. Suka haɗa gonakinsu, fiye da hekta 160, suka kafa kamfani, kowa da hannun jari gwargwadon ƙasarsa, suka gina unguwar da kansu. Har yau suna karɓar haya. Dokar Indiya ta 2013 ma ta ce idan aka karɓi ƙasa don faɗaɗa gari, a ware wa masu ita kashi 20 cikin 100 na wurin bayan an gyara shi.

Maraɗi ba Pune ba ce, amma tubalin irin wannan haɗin gwiwa yana nan. Asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta soma a wannan jiha a 1991 kafin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama, ya nuna mutanen ƙauye na iya tara kuɗi su juya shi bisa ƙa'ida. Masu gonakin ƙauye ɗaya da suka shiga ciniki da baki ɗaya suna iya neman filayensu su kasance a jere bakin titi, a sa ruwa kafin a miƙa musu, a kuma ware wani kaso da ba a sayarwa, a gina shaguna ko ɗakunan haya. Matasan gidan su ne ya kamata su fara samun horo a gini, walda, aikin famfo da wuta, tun da sabuwar unguwar bisa gonar ubansu za ta tashi.

Inda aka yi biris da masu ƙasa kuwa, an ga abin da ya biyo baya. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da suka tare aiki saboda diyya sun gamu da harsasan ƴan sanda a watan Afrilun 1980. A Habasha, shirin faɗaɗa Adis Ababa cikin gonakin Oromo ya tayar da zanga-zangar da ta tilasta wa gwamnati janye shi a watan Janairun 2016.

Abin da ke gaban Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa

Matsi na ƙaruwa ta ko'ina. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo gundumar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ambaliyar 2024, wadda ta fi yi wa jihar Maraɗi ɓarna, ta bar gidaje masu yawa na neman wuri bisa tudu. Ga kuma layin dogo daga Kano, mai tsawon kilomita 284, da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021. Zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, kuma tasha da rumbunan kaya za su buƙaci ƙasa mai yawa, farashin gonakin kewaye kuma zai tashi tun kafin jirgi ya iso.

Birni ɗaya ne ke girma, amma hukumomi uku ke yanka masa fili, biyu daga cikinsu a gundumomi daban-daban, bisa ƙasar masarautun Gobir da Katsinar Maraɗi. Muddin kowace na yanka nata ba tare da duba na maƙwabciya ba, manomin da aka tayar daga gefen Tsibiri bana zai sayi gona a gefen Jiratawa, a sake tayar da shi bayan ƴan shekaru. Zama ɗaya na shugabannin hukumomin uku da sarakuna da Kofo zai iya fitar da taswirar da ta nuna inda gari zai bi cikin shekaru ashirin, ta haramta gini a fadama, ta ware wurin sabbin lambuna, ta kuma hana yanka sabon wuri kafin wanda aka yanka ya cika. Aikin da ya fi gaggawa shi ne wanda ya fi araha: Kofo ta kowane ƙauye da ke bakin gari ta rubuta gonaki tun yanzu, da sunan mai gandu, da mai aro, da mai jingina, da matar da ke noma gamana, da adadin itatuwan da ke ciki, domin a ranar da masu awo suka iso a tarar da rajistar da za a biya diyya a kanta.